Kuɗin Magani da Kaka Ake Ajiye Shi, Kada Mu Jira Damana

Allah ya sa albarka cikin abin da aka girbe, wanda gonarsa ba ta yi ba kuma Allah ya musanya masa da mafi alheri.

Maganar da muka ɗauko yau ba ta da daɗin ji a lokacin da kowa ke lissafin buki, amma yanzu ne lokacinta. Dammai sun shiga rumbu, ana roron wake, gujiya da riɗi da aya sun fara fita kasuwa. Cikin watanni ukun nan, daga Oktoba zuwa Disamba, manomin yankinmu ke riƙe kuɗi a hannunsa fiye da kowane lokaci a shekara. A cikinsu ake ɗaura aure, a biya bashin damana, a ɗinka wa iyali tufafi, a biya lanho, a gyara ɗakin da ruwa ya ci. Abu guda ne ba mu saba sawa cikin wannan lissafi ba, shi ne kuɗin maganin shekara mai zuwa. Ra'ayinmu a nan shi ne kowane gari ya mai da kaka lokacin zuba kuɗin lafiya. Inda akwai asusun lafiya, wanda ake ce wa mituwel, a je a sabunta kati tun yanzu. Inda babu, a zauna a kafa shi kafin hatsi ya ƙare a hannu.

Dalilinmu kowa ya san shi, don kowa ya gani a gidansa ko gidan maƙwabci. Ciwo da kuɗi ba sa zuwa mana lokaci guda. Masassarar cizon sauro ta fi kwantar da mutane daga watan Agusta zuwa farkon Oktoba, daidai lokacin da rumbu ya koma wayam, tiyar hatsi ta yi tsada, mai gida na gona, samari sun kashe abin da suka zo da shi daga bida wajen iri da taki. Yaro ya kwana da zafin jiki, uwa ta ce a tafi likita, uba ya laluba aljihu ya ce a bari mu ga gobe. Ba rashin tausayi ba ne, babu ce. Sai a sayi ƙwaya wurin mai tebur, a jiƙa sassaƙe, a yi kwana biyu. Ranar ta uku yaro ya fara suma, idanu sun yi fari, a ɗauko shi bisa kabu-kabu ko amalanke. Abin da ƙwayar kwana uku za ta warkar ya koma ƙarin jini, da kwana a asibitin gunduma, wani lokaci har Maraɗi.

Daga nan kuma sai ciwo na biyu, wato na bashi. Akuyar da uwargida ta yi shekara tana kiwo a sayar da ita da tsakar dare, mai saye ya san an matsu, ya taya yadda ya ga dama. Ko a je wurin ɗan kasuwa a karɓi kuɗi da alƙawarin za a biya da hatsi in kaka ta yi, a farashin da shi ya yanka. Ko a jinginar da gona. Mun san gidajen da rashin lafiya guda ta mai da su baya shekara uku. Wannan ita ce asarar da muke magana a kanta, kuma kowace damana sai an yi ta.

Wani zai ce ai gwamnati ta ce magani kyauta ne. Gaskiya ne, kuma ya kamata kowa ya san haƙƙinsa. Tun zamanin shugaba Tandja Mamadou, a 2005, aka ce aikin fid da jariri kyauta ne. A 2006 aka ƙara da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa. Ga kuma maganin rigakafin masassara da ake bi gida gida ana bai wa ƙananan yara wata wata da damana. A watan Agustan 2024 majalisar ministoci ta rage rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati daga ranar 1 ga Satumba, aka kuma ce haihuwa ita ma kyauta ce. Duk waɗannan sun rage wa talaka nauyi, ba mai musu.

To amma mu duba abin da ya rage. Yaro ɗan shekara shida ya fita daga kyauta, sauro kuwa bai san da wannan ba. Mai gida, tsohuwa mai hawan jini, saurayin da ya faɗi da babur, matar da ba ta da ciki, duk biya suke. Rabin kuɗi ma kuɗi ne ga wanda ba shi da ko dala. Sannan kyautar kanta tana da yadda take tafiya: likita ta yi wa yaro magani, ta rubuta takarda ta aika sama, gwamnati ta mayar mata da kuɗin, da su take sake sayo magani. Shekara da shekaru wannan biya yana jinkiri, bashi ya taru a kan gwamnati, ɗakunan magani suka yi ta zama fanko. Shi ya sa uwa kan je da yaro, a duba shi kyauta, a miƙo mata ordinas a ce ta je farmasi ta saya. Ba laifin majo ba ne a mafi yawan lokuta, abin da babu ba ya bayuwa. Kuɗin mota, da man ambilans, da abincin mai jinya kuwa, waɗannan dama a wuyan iyali suke.

Wannan giɓi shi asusun lafiya ke cikewa. Yadda yake aiki ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Mutane da yawa su zuba kaɗan kaɗan sau ɗaya a shekara, tun suna da lafiya. Asusun ya ƙulla yarjejeniya da likitar yankin, wanda ya zo da kati a duba shi, asusu ya biya kaso mafi yawa, shi ya cika ɗan abin da ya rage. Cikin mutum ɗari ba duka ke kwantawa a shekara guda ba, don haka kuɗin masu lafiya ke ɗaukar marar lafiya, baɗi kuma wani ne zai ɗauki wanda ya ɗauka bana.

Mu yi lissafi na misali. A ce gari mai gida 200, kowane gida mutum 8, mutum 1,600 ke nan. In kowane kai aka zuba masa jika guda a shekara, an tara jika 1,600, wato sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. Wannan ba zai biya kowace irin jinya ba, kuma kada wani ya yi wa jama'a wannan alƙawari. Amma zai iya ɗaukar ganin likita, da gwajin jini, da maganin masassara da gudawa da ciwon ƙirji, da man ambilans in an tura mutum gaba. Su ne abubuwan da jinkirinsu ke kashe mana mutane.

Me ya sa muka nace a kan a tsai da lokaci guda na zubi? Domin ko ƙasashen da suka daɗe da inshorar lafiya haka suke yi. A Amurka ana buɗe ƙofar shiga da sabuntawa ranar 1 ga Nuwamba, a bar ta ƴan makonni, a rufe. Wanda ya bari ta wuce shi sai baɗi, sai dai in wani abu ya sauya a gidansa, kamar haihuwa, ko aure, ko rasa aiki. A Ruwanda shekarar mituwel na farawa 1 ga Yuli, kuma gida gaba ɗaya ake biya wa. A Ghana, inda aka kafa tsarin tun 2003, kati na mutuwa duk shekara sai an sabunta shi, yanzu ma ta wayar salula ake yi. Hikimar guda ce: in aka bar ƙofa buɗe kullum, ba mai zuwa sai ranar da ciwo ya kama shi, asusu ya cika da marasa lafiya zalla, wata uku ya karye. Wasunsu sun zaɓi watan da ya dace da su. Mu albashinmu sau ɗaya yake zuwa a shekara, da kaka.

Kada kuma a ɗauka wannan dabara ce ta baƙi. An gwada ta a ƙasar nan tun 1993. A lokacin gwamnati na neman hanyar da jama'a za su riƙa taimakawa da kuɗin magani, sai aka gwada hanya biyu. A Say, marar lafiya ke biya ranar da ya zo, babba sefa 200, yaro 100. A Boboye kuwa aka ɗora sefa 200, wato dala 40, a kan lanhon kowane mai biya sau ɗaya a shekara, in ya zo likita sai ya ba da ɗan abu kaɗan, babba 50, yaro 25. Da aka duba sakamako, a Boboye ne zuwa likita ya fi ƙaruwa, musamman wajen talakawa. Duk da haka hanyar biya a bakin ƙofa ce ta bazu a ƙasa, ita muke kai har yau. Daga baya, a 2008, aka yi dokar da ta tsara kafa mituwel a Nijar, kuma a ƴan shekarun nan an gwada inshora ta gunduma guda a Gaya da Gothèye. Maƙwabtanmu na Katsina da Kano su ma suna da hukumomin jiha na asusun lafiya. Hanya dai a buɗe take, doka ma ta yarda.

Mu nan jihar Maraɗi ma bai kamata a koya mana tara kuɗi ba. A nan aka haifi Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, mata na zuba dala dala kowane mako cikin akwati mai makullai, har tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da dama. Muna da adashi, muna da bankin cimaka, muna da gayya, muna da gudummawar buki wadda ba ta taɓa makara. In maƙwabci zai aurar da ɗiya, kowa ya san abin da zai kai. Abin da ya rage mu yi wa ciwo irin tanadin da muke yi wa buki.

Mun san akwai masu ja, kuma jansu na da dalili. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, amana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da yawa cikinmu sun taɓa zuba kuɗi a wata ƙungiya, aka ɗauki hoto, aka raba kati, shekara ba ta zagayo ba aka nemi ma'aji aka rasa. Wasu asusai kuma wani shiri ne na waje ya kafa su, ranar da shirin ya naɗe tabarmarsa su ma suka mutu. Wannan ya faru, kuma duk wanda ya zo da maganar asusu bai amsa wannan ba, kada a ba shi ko dala. Maganinsa shi ne ƙa'ida tun ran farko. Kuɗi kada su kwana a aljihun mutum guda, a sa su a banki ko akwati mai makulli uku a hannun mutum uku daga unguwa daban daban. Kowane zubi da resi. Duk wata uku a karanta lissafi a bainar jama'a, a ƙofar mai gari ko bayan sallar Juma'a, da Hausa, kowa ya ji nawa ya shiga, nawa ya fita. Mata su kasance cikin masu riƙon makulli, don su suka fi zuwa likita, kuma sun nuna sun iya riƙo. Sannan mu da ke bakin iyaka, a ajiye kuɗin da sefa. Kowa ya ga yadda naira ta zube tun 2023, wanda ya ajiye ta ya san abin da ya rasa.

Na biyu, addini. Akwai masu cewa inshora caca ce, ko kuma rashin tawakkali ne. Malamanmu su ne da wuƙa da nama a nan, muna roƙonsu su yi wa jama'a bayani. Abin da muka sani shi ne majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta bambanta inshorar kasuwanci da ta taimakon juna, ta ce ta taimakon juna halas ce, domin kuɗin gudummawa ne, ba mai neman riba a kan ɗan uwansa. Malamai kan kuma kawo labarin Ash'ariyyawa, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da kowa ke da shi wuri guda su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su a kan haka. Tawakkali kuwa, ai ba wanda ya ƙi gina rumbu don ya dogara ga Allah.

Na uku, mai cewa "na zuba bara ban yi ciwo ba, kuɗina sun tafi a banza". Malam, ka gode wa Allah. Kuɗinka su suka kai matar maƙwabcinka asibiti da tsakar dare. Wannan tunani shi ya fi kashe asusai, shekarar farko a shiga da ɗoki, ta biyu rabi su ƙi sabuntawa, ta uku a rufe. Asusu ba ya rayuwa sai da sabuntawa, kuma wanda ya fita bana ba shi da tabbacin bana ɗin ba tasa ba ce.

Na huɗu shi ya fi nauyi: wanda ba shi da ko jikar fa? Gwauruwa mai marayu, tsohon da ba shi da mai noma masa, wanda fari ko tsutsa ta cinye wa gona. In asusu ya bar waɗannan a waje, ya zama na masu hali kawai. Shawararmu a yarda a zuba da tiya, hatsi ko wake, a adana da kyau a sayar da bazara lokacin da farashi ya tashi, ribar ta biya wa marasa ƙarfi. Masu fid da zakkar hatsi su tambayi malamai yadda za a biya wa mabuƙaci da iyalinsa. Ƴan kasuwa da ƴan bida su ɗauki gida ɗaya ko biyu. Ma'aikatar magajin gari kuma ta ware wani abu cikin kasafinta don wannan, a san sunayen gidajen da aka biya wa, kada abin ya koma na ƴan uwa da abokan siyasa.

Ga wanda ke da kati a hannu, ko ma'aikaci ne mai mituwel ta wurin aiki, ko ɗan wata ƙungiya, kada ka miƙa kuɗin sabuntawa ido rufe. Ka tambaya: wace rana katin ke mutuwa, wace rana sabon ke fara aiki? Kashi nawa asusu ke biya, nawa ne naka? In magani ya ƙare a likita aka tura ka farmasi, za a mayar maka? Ambilans na ciki? Asibitin gunduma da na Maraɗi suna karɓar katin, ko likitar garinku kaɗai? In akwai wa'adin jira ga sabon shiga, kwana nawa ne? Sannan ka duba sunayen da ke kan katin. Jaririn da aka haifa bana, amaryar da ta tare, yaron da ya cika shekara biyar ya fita daga kyauta, tsohuwar da ta dawo hannunka, duk yanzu ne ake sa su. Mai mata biyu kada ya rubuta ɗaki guda ya bar ɗaya, wannan rigima ce ya saya wa kansa. In kuma asusun da kake ciki bara ya yi ta maka yawo da hankali, ba ya karanta lissafi, ba ya biyan likita, yanzu ne lokacin tada magana a taro ko sauya wuri, tun kuɗinka na hannunka.

Ƴan uwa da ke bida, ku ma da ku muke. Kun san wayar tsakar dare, "aiko da kuɗi, wance ba lafiya", a lokacin da kai ma ba ka da su. Kafin ku kama hanya bayan girbi, ku biya wa gida na shekara, ku riƙe resi. Ya fi muku sauƙi, ya fi wa iyali kwanciyar hankali.

Ga hukumomi kuma muna da magana. Asusun gari ba zai ɗauke wa gwamnati nauyinta ba. In ba a biya likitoci kuɗin jinyar yara da mata a kan lokaci ba, ɗakin magani zai zauna fanko, mai kati da marar kati duk farmasi za a tura su, jama'a su ce asusun ƙarya ne. Hukumar INAM da aka ɗora wa tantance takardu da biyan waɗannan kuɗi, aikinta ya iso har likitocin karkara. Shugabannin lafiya na gundumomin Gazawa, Agye da Gidan Rumji su liƙa farashin kowane aiki a ƙofar kowace likita, sabon farashi na bayan ragi, a kuma karanta shi a rediyo don wanda bai iya karatu ba. Kwamitocin lafiya na garuruwa su farka, ba ranar zuwan baƙi kaɗai ba. Sarakuna da masu gari su kira taro cikin watan nan, tun hatsi bai bi motocin ƴan kasuwa ya tafi ba.

Ba mu ce a fara da babban abu ba. Unguwa guda, ƙungiyar mata guda, ko masu sana'a guda, kamar ƴan kabu-kabu ko mahauta, za su iya farawa da man ambilans da maganin masassara kaɗai. A wasu gundumomin ƙasar nan dama an saba ƙara sefa 100 a kan kuɗin ganin likita don ɗaukar marar lafiya zuwa babban asibiti, kuma ya ceci mata masu naƙuda da yawa. In shekara ta zagayo aka karanta lissafi jama'a suka ga gaskiya, da kansu za su ce a ƙara.

Nan da wata huɗu tiya za ta fara tashi, nan da wata tara sauro ya dawo. Wanda ke auna hatsin sayarwa a makon nan, ya ware na magani kafin ya ɗaure bakin buhu. In an kira taro a garinku ku je, ku yi tambaya, ku nemi resi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda muka rasa a damanar da ta wuce, ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Sai mun ji daga gare ku.